Rabin Madarunfa da Ban Taɓa Gani Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a gidan ƙanwar uwarki a Maraɗi, kin sha ruwa, kin huta gajiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin birni, da sharrin bakin mutane, wanda ya fi su duka tsini. Na ba uwarki takardar ta sa miki ƙarƙashin kaya, don kada ki karanta ta ina kusa. Sunan mahaifiyata gare ki, bakina ba ya iya kiran sa, haka nan akwai maganganun da ba na iya faɗa miki ido da ido. Alƙalami ba ya jin kunya, shi ya sa na ɗauko shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce kin same ni ƙarƙashin itacen bedi, kika durƙusa, kika ce: "Baba, makarantar horon malamai ta karɓe ni. Hajiya Rabi mai foto kuma ta ce in zo shagonta in zauna in koyi aikin sosai. Duka biyun suna jiran amsa kafin wata ya ƙare. Foto ɗin nan, in riƙe shi sana'a, ko in bar shi abin sha'awa?"

Na ce miki, "Je ki tambayi uwarki, ni rediyo nake ji."

Rediyon nan ko pil, wato batir, babu cikinsa, kin sani, na sani. Ba rashin amsa ya hana ni magana ba. Amsar ce ta yi mini yawa a baki. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye ni abin da na sani da gaske, sai ga ɗiyata ta zo ta taɓa daidai wurin. Kin tashi kina tsammanin na raina maganarki. Wallahi ban raina ba. Tun ranar ƙafata ba ta zauna wuri guda ba.

Bari in fara da abin da ya tayar mini da hankali, tayarwa ta daɗi.

Kin tuna bikin sunan jikan Gwaggonki Hajara a Safo? Da muka dawo kin miƙo mini wayarki in ga foton da kika yi mana, mu maza, a ƙofar gida. Na gani. Tsofaffi ne jere kan tabarma, kowa ya ɗaure fuska kamar an kira shi gaban alƙali. Irinsa na ɗauka ya fi a ƙirga. Sai yatsana ya zame bisa gilashin, wani foton ya fito.

Hajara ce. Tana zaune kan turmin da aka kifa, ɗankwalinta ya zame, ta jefa kai baya tana dariya har giɓinta ya fito, hannunta ɗaya kan gwiwar wata maƙwabciya. Bayanta hayaƙin babbar tukunya yana tashi, hasken rana ya ratso ta cikinsa ya sauka a gefen fuskarta. Uwale, Hajara ƙanwata ce, ciki ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ban san ta ba sai da lulluɓi, ido ƙasa, "Yaya, an wuni lafiya?" Na ɗauka dariyar nan ta mutu tare da shi. Ashe tana nan, a bayan katanga take yin ta, inda ba na shiga.

Na sake zame yatsa. Wata yarinya an ɗaure mata hannuwa cikin lalle, ƙawarta tana ba ta tuwo a baki, ita tana hararar ta. Na sake. Wata tsohuwa ta yi barci a zaune tsakiyar hayaniya, goro a kumatu, jariri a cinya.

Na ajiye wayar na fita. Na tafi har bakin tabki na dawo ina magana ni kaɗai, har yara suka riƙa cewa Mushe Isufu, tsohon malamin boko, ya samu taɓuwa. Ni da aka haifa a Madarunfa, na tsufa cikinta, nake taƙamar na san kowace kuka da kowane lungu, sai ranar na gane rabin garin kawai na taɓa gani. Rabin zaure. Duk gidan da aka rubuta "Ba a shiga" a bakin ƙofa, nan idona ya tsaya. Ke kuwa kina sallama ki wuce, a ce miki "Uwale, zo ki ɗanɗana miyar nan." Ba shigar kaɗai ba ce. Mata nawa ke shiga da waya a hannu, su fito da fotunan da kai ya yanke, fuska ta yi duhu? Ke kin san inda za ki tsaya haske ya faɗo ta gefe. Kin san ki jira har mutum ya manta da ke. Ba wanda ya koya miki. Ni na yi shekaru kafin in koyi abin da ke kika yi da wayar hannu tsakanin zuba shinkafa da wanke kwanoni. Na yi murna, na yi kishi, na sake yin murna.

To, yanzu ki saurari inda ni na ɓata, don kada ki taka sawuna.

Kin san ubanki ya yi karatu. A zamaninmu ɗan ƙauyen da ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, abin nunawa ne da yatsa. Na je Yamai, na zauna jami'a, na karanta littattafan da har yau ba wanda zan yi hirarsu da shi a garin nan. A wani hutu na tsallaka Katsina na sayi tsohuwar aparai, wato na'urar ɗaukar foto, irin mai cin fim. Na haukace a kanta. Masunta cikin kwalekwale da asuba, shamuwa bisa kuka, raƙuman da ke sauka kasuwa, ba abin da na bari. Ina kai fim ɗin wani shago a Maraɗi, wurin wani dattijo, yana wanke mini. Wata rana ya daɗe yana duban fotunan, ya ce, "Yaro, kana da ido. Ni kuwa nawa ya fara gajiya. Zo ka zauna nan, in nuna maka ɗakin duhu, wata rana shagon ya zama naka."

Kin san abin da na ce masa? Na ce, "Baba, ni da bak ɗina in zauna ina ce wa mutane su ɗan gyara hula?"

Bai yi fushi ba. Ya sa fotunan cikin ambulan, ya ce, "To, mushe, Allah Ya ba da sa'a."

Karatun jami'ar bai ƙaru ba, aka yi ta rufewa ana buɗewa har ƙarfin gidanmu ya ƙare. Na dawo na shiga koyarwa. Aka yi ta jefa ni daga wannan ƙauye zuwa wancan, aji cike har taga, albashi ya zo ko kada ya zo, alli ya cika mini ƙirji. Na fito da tari da takardar yabo guda, wadda gara ta cinye gefenta. Waɗanda na koya wa baƙi yau suna wuce ni cikin mota gilashi a rufe. Ba na zagin koyarwa. Aiki ne mai daraja ga wanda yake son sa, na kuma ga waɗanda suke son sa, fuskarsu daban ce. Ni ban so shi ba. Na shige shi ne don a kira ni mushe. Yara kuwa sun san malamin da jikinsa ke gaban allo idonsa yana taga. An cuce ni, gaskiya ne, amma ni ma ban ba yaran nan abin da ya kamata ba.

Saboda haka, ɗiyata, kada ki zaɓi aiki don sunan da za a kira ki da shi. Suna na bakin mutane ne, aiki kuwa ke za ki tashi da shi kowace safiya. Ki tambayi kanki wanne ne za ki iya yi ran da ba wanda ya yaba miki. Kada takarda ta sa ki raina abin da hannunki ya iya. Takardar nan tawa ta hana ni shiga shago, ba ta kuwa kai ni ko'ina ba.

Kuskurena na biyu shi ne babba, don shi ne ramin da ake haƙa miki yanzu da kyakkyawar niyya. Na ji abin da Baffanki Alhaji Sani ya ce miki: ki shiga makaranta, ki riƙa foto ran Asabar da Lahadi, ga albashi ga sha'awa. Magana ce mai daɗin ji. Ita na bi, shekara wajen ashirin.

Ga yadda abin yake. Ina mushe, ga aparai a wuya. Duk bikin da za a yi, duk suna, duk wanda zai tafi Makka, sai a aiko: "A ce wa mushe ya zo da abin nan nasa." In je. Ba na karɓar ko dala, don kunya. Ta yaya ɗan boko, ma'aikacin gwamnati, zai miƙa hannu ga ɗan ƙanen ubansa? A garin nan kuwa wa ba ɗan'uwanka ba ne? Fim daga aljihuna, wanki daga aljihuna. Ban zama mai sana'a ba, don ba na ci da ita. Ban kuma zama mai sha'awa ba, don na daina ɗaukar abin da raina yake so. Shamuwa ta zo ta tafi, ni ina can ina jera abokan ango. Na zama jakin gari, kowa ya ɗora nasa kaya, ba mai ba shi dusa.

Sai auren Baffanki ya zo, a Ɗan Issa. Biki ne na gaske, ƴan kasuwa daga ƙetare, direbobi, maroƙa, raguna. Na ɗauki foto tun safe har rana ta faɗi. A lokacin wankin foto mai launi ya fi sauƙi a Katsina. Ya kamata in kai fim ɗin da kaina, amma gobe Litinin, ina da aji. Na ba wani direban babbar mota abokin Baffanki. Shi kuwa me ya sani? Ya jefa su gaban mota, bayan gilashi, kusa da goro da carbi. Bazara ce. Motar ta wuni a iyaka cikin rana tana jiran layi. Da fotunan suka dawo, Uwale, kowa kore. Ango kore, abokan ango kore, limamin da ya ɗaura aure kore shar kamar an tsoma shi cikin miyar kuka. Ragon ma kore.

Ki yi dariya, ni ma yanzu ina yi. A ranar ban yi ba. Baffanki ya baza su kan tabarma gaban mutane, ya ce, "Ku zo ku ga aikin ƴan boko. Mutum ya yi aure sau ɗaya a saurayi, ƙanensa ya maida shi ƙadangare." Har yau in ya ga ɗanyen ganye sai ya dube ni.

Ga abin da na gane daga baya. Da mai sana'a ne, da ba shi da wani aji ran Litinin, da ya rungume fim ɗin cikin rigarsa ya kai da ƙafarsa. Kuma da an biya shi, da yana da abin mayarwa: ya ce ga kuɗinku, ku yi haƙuri, magana ta ƙare. Mai kyauta ba shi da abin mayarwa sai kunya, ita kuwa ba a karɓar ta, ana bar maka ita har ka tsufa. Mutane ba sa gode wa abin da bai ci musu komai ba, amma suna zagi a kansa kamar sun saya.

To ki zaɓi ɗaya, ki tsaya cikinsa da ƙafa biyu. In sana'a ce, ki faɗi farashinki tun kafin ki buɗe jaka, ki faɗe shi da murya a sarari, ga bare ga dangi. In kina so ki yi wa wata kyauta, ki fara gaya mata abin da aikin yake ci, sannan ki ce kin bar mata, don ta san abin da ta karɓa. In kuwa sha'awa ce, to ki riƙe ta taki ke kaɗai. Ki ɗauki tabki, ki ɗauki uwarki tana tankaɗe, ki ɗauki abin da ya faranta miki. Wanda ya aiko ki zo biki da waya, ki ce ke baƙuwa ce kin zo cin shinkafa. Duka biyun hanya ce mai kyau. Tsakiyarsu ce kawai ba hanya ba.

Na uku kin san labarinsa, don garin nan ba wanda bai sani ba, sai dai ban taɓa gaya miki da bakina ba yadda na fahimce shi. Akwai wata matar masunci da take banda kifi a bakin tabki. Wata safiya na hango ta daga nesa, hayaƙi ya kewaye ta, ta ɗaure zane a ƙirji don zafi, tana juya tarwaɗa. Na ɗauka ba tare da ta sani ba. Shi ne foto mafi kyau da na taɓa yi, har gobe ina faɗa. Aka yi wani baje kolin fotuna a Maraɗi, na kai shi, aka rataye, Turawa da manyan ma'aikata suna tsayawa gabansa suna kaɗa kai. Ina ta kumbura. Wani ɗan kamasho na tasha ya leƙa, ya gane ta. Kafin in dawo gida labari ya riga ni: matar wane tana rataye a Maraɗi kafaɗa a waje, maza suna kallo. Mijin ya kore ta gidan iyayenta. Sai da dattawa suka yi ta kai da kawowa har damina ta wuce kafin ta koma ɗakinta. Na je ba da haƙuri, ta ce mini abu guda: "Mushe, da ka tambaye ni, da na yafa mayafi ka ɗauka." Ni na samu tafi, ita ta samu yaji. Tun daga nan hannuna ya yi sanyi da aparai.

Ki dubi wannan da kyau, don naki ya fi nawa haɗari sau dubu. Nawa foto ɗaya ne a bango ɗaya, sai da ɗan kamasho ya taka ya je. Naki yana cikin waya, yatsa ɗaya ya kai shi Yamai da Kano kafin ki ɗaura ɗankwali. Kuma ke ba daga nesa kike ɗauka ba. An buɗe miki ƙofa, an cire mayafi a gabanki, don an ɗauke ki ɗiya. Ƙofar nan ita ce jarinki duka. Ba aparai ba ce, ba shagon Hajiya Rabi ba ne. Ran da foton mace ɗaya ya fita inda ba ta aike shi ba, duk ƙofofin za su rufe rana guda, daga Maraɗi har Gabi, ba kuwa za su sake buɗewa ba.

Ki lura da wani abu. Na gaya miki yadda na yi murna da fotunan Safo. Amma da na kai foto na uku na ajiye wayar, don na gane na shiga inda ba a gayyace ni ba. Hajara ƙanwata ce, ita ba laifi. Yarinyar mai lalle fa? Tsohuwar fa, surukar wani ce, ban da hurumin ganin ta tana barci. Ke kika miƙo mini wayar da hannunki, ba kulle ba komai. Kada ki ƙara. Ki sa wa fotunan mata makulli wanda ko ubanki ba zai iya buɗewa ba, ko mijinki in Allah Ya kawo shi. Ki tambaya kafin ki ɗauka. Ki nuna wa mace fotonta, in ta ce a goge, ki goge a gabanta ko da shi ne mafi kyau a duniya. Kada ki sa fuskar kowa a tallar aikinki sai ta yarda, mai gidanta ya sani. Wadda ta ce ita ba ta yin foto don addininta, kada ki yi mata gardama, ki sauke hannu ki gaishe ta da girma. Ina jin zafin cewa akwai fotunanki mafi kyau da ba zan taɓa gani ba. Haka ya kamata ya zama.

Sauran ƙanana ne, amma ki riƙe. Hajiya Rabi za ta sa ki ɗaukar jaka, da riƙe fitila, da share shago, wata da watanni kafin ta bar ki ki taɓa babbar aparai. Ki ɗauka, ki riƙe, ki share. Ni girman kai ya hana ni ganin cikin ɗakin duhu, har aka daina yin sa ban taɓa shiga ba. Ki sa ido kan yadda take magana da uwar amarya mai faɗa, wannan ma karatu ne, ya fi na maɓallai wuya. Kada ki dogara da kuran, wutar lantarki ba ta da alkawari, ki cika batir tun jiya. Aikin mutane ki ajiye shi wuri biyu, kuma ki kai shi da hannunki, kada ki ba direba, ko waliyyi ne. Amare za su ce miki, "Ki haska ni, ki ƙara haska ni," har uwar da ta haife su ta kasa gane su. Ki yi musu kaɗan, ciniki ne, amma ki haɗa musu da guda ɗaya na gaskiya, da launin da Allah Ya ba su. Yau za su ture shi gefe. In sun tsufa shi za su nema. Ki yi sallarki kan lokaci ko ana tsakiyar kamu. Ki sa suturar da za ta sa tsofaffi su sake da ke. Wanda ya zo neman aurenki, ki gaya masa aikinki tun a zaure, kada ki bari sai an kai ki.

Ba zan yi miki ƙarya in ce hanyar shimfiɗe take ba. Akwai watannin da ba biki, za ki zauna kina kallon titi. Akwai masu cewa ɗiyar mushe ta ci bak ta ƙare a yawon gidajen biki. Za su faɗa, na san bakunansu ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ni na koya musu rubuta sunansu. Mai albashi ya san abin da zai samu a ƙarshen wata, ke ba za ki sani ba. Ni dai na ga ƙarshen watan mai albashi, ban ga abin da zan yi miki kwaɗayinsa ba.

Jiya na hau kabu-kabu na tafi Ɗan Issa wurin Baffanki, don kin san a gidanmu ba a yanke magana bai ji ba. Na same shi a rumfa ana sauke buhuna. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Isufu, in maganar yarinyar nan ce, na gama. Makaranta."

Na ce, "Yaya, ni ma makaranta na yi. Dube ni."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Kai ai daban ne, kai taurin kai ya ci ka. Yanzu wa ke biyan mai foto? Kowa da waya a aljihu, har yaron da ke tura mini baro."

Na ce, "Kowane gida da allura, Yaya. Ka taɓa jin tela ya mutu da yunwa? Wa ya ɗinka maka rigar nan, Hajiyarka ce da allurar gida?"

Mutanen rumfa suka fashe da dariya. Ya ce, "Ku ji shi, mai maida mutane kore shi ke ba da shawarar foto."

Na ciro foton Hajara. Na roƙi uwarki ta tambayi Hajara izini tun shekaranjiya, ta ce a nuna wa yayyenta ba komai, shi ne aka fitar mini da shi a takarda. Na miƙa masa. Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi, ya nemi tabarau. Ya daɗe. Yaran shago suna kiran sa bai ji ba. Can ya ce, a hankali, "Dariyar Inna ce." Mahaifiyarmu yake nufi, wadda kike ɗauke da sunanta. Ni ban ma lura ba sai da ya faɗa. Inna ta rasu ba ta bar foto ko ɗaya ba, ni da aparai a gida, don kullum ina cewa sai an samu lokaci.

Ya sa foton cikin aljihun gaba, bai tambaye ni ko na ba shi ba. Ya ce, "Wa ya ɗauka?"

Na ce, "Ka sani."

Ya yi tsaki, ya juya ga masu sauke kaya ya daka musu tsawa ba gaira ba dalili. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗiyarka ce. In ta lalace kai ka sani. Ka ce mata kada ta yi dare a gidan mutane." Kin san Baffanki. Wannan a bakinsa albarka ce cikakkiya.

Na dawo bisa babur iska tana dukan fuskata, ina jin kaina kamar saurayi. Mai kabu-kabu ya ce, "Mushe, yau an biya fansho ne?" Na ce masa ya tuƙa kawai.

To ga amsar tambayarki, Uwale, wadda na hana ki ƙarƙashin bedi. Zaɓi naki ne, in kin ga zuciyarki tana wurin allo da yara, ki je, ba zan yi fushi ba, zan sa miki albarka da gaske. Amma tunda ni kika tambaya: ki riƙe shi sana'a. Ki riƙe da hannu biyu, kada ki bar wata ƙofar baya a buɗe kina leƙen ta. Allah Ya ba ki ido, Ya kuma ba ki shiga inda idon ake buƙata. Ni ɗaya kawai Ya ba ni, na kuma yi wasa da shi.

Ran Litinin ki tashi da wuri, ki karya, ki je shagon Hajiya Rabi kafin ta buɗe. In ta iso ta same ki a bakin ƙofa, ki gaishe ta, ki ce mata ubanki ya ce ga ki nan.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya tsare idonki daga ganin abin da ba naki ba, Ya tsare hannunki daga cin amanar waɗanda suka sake da ke. Ya sa duk ƙofar da kika shiga da sallama ki fito da mutunci. Ya ba ki abinci na halal, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke lafiya. Uwarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida masu masaukinki da kyau.

Wassalam.

Ubanki,
Isufu
Madarunfa